Shin Ko Kun San Wa Ke Riƙe da Taswirar Ƙofar Gidanku?

Shin ko kun san an yanka ƙasar Ghana gunduwa-gunduwa, kowane yanki mita 5 a tsaye, mita 5 a kwance, kowanne da lambarsa? Ƙwarai kuwa! A Oktoban 2017 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da manhajar adireshi ta GhanaPostGPS. Teburin mai koko a unguwar Maamobi ta Accra ma ya samu adireshi!

Kamfanin Vokacom ne ya haɗa manhajar, a kan dala miliyan 2.5. To ga inda gizo ke saƙar: taswirar da ke ciki ta Google ce, kuma shugaban Ghana Post na lokacin ya ce za a riƙa biyan dala 400,000 duk shekara. Duk shekara fa! Lamba ta gwamnati, taswira ta kamfani. Ni kam abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kun san gwamnati ma tana da nata ƙarfin? Taurarin GPS na sojan Amurka ne. Kafin Mayun 2000 da gangan ake dagula wa farar hula sigina, na'ura ta ɓatar da mutum da kusan mita 100. A lungunan unguwar Nima ta Accra, gida nawa ke nan ka wuce?

Ga wata kuma! Fayil ɗin taswira da ya cika ofisoshin safiyo, Shapefile, na kamfanin Esri ne. Sunan ginshiƙin bayani a cikinsa ba ya wuce harafi 10. Rubuta sunan unguwar Agbogbloshie a wurin, sai ya gutsure biyun ƙarshe! Shi kuwa takwaransa, fayil ɗin KML, Google ya gaje shi daga kamfanin Keyhole da ya saya a 2004, ya miƙa wa ƙungiyar OGC mai tsara ƙa'idojin bayanan taswira a 2008, ya zama na kowa.

Amma ku zo Nima ku sha mamaki. Bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yunin 2015 da suka ci rayuka sama da 150 a Accra, shirin Open Cities na Bankin Duniya ya shigo a 2018. Matasa suka bazama Nima, Alajo, Akweteman da Alogboshie, waya a hannu. Gida-gida, kwata bayan kwata, suna duba inda ruwa ke bi da inda shara ta toshe shi. Suka zuba komai a buɗaɗɗiyar taswirar OpenStreetMap. Ba kuɗin lasisi ko pesewa ɗaya! In ɗan unguwa ya ga an manta da lungunsu, sai ya buɗe asusu kyauta ya zana shi da kansa.