3.4 Yagewar Jijiyar Kafaɗa: Ganewa da Magani a Birnin Zariya

Daga cikin cututtukan da akan kai wa masu ɗori a birnin Zariya akwai wanda ba karaya ba ne, ba kuma gocewar ƙashi ba. Wannan shi ne yagewar wani sashe na jijiyar kafaɗa. Tsokoki huɗu ne suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka rungume kan ƙashin damtse. Ta sama ita ta fi yawan yagewa, musamman ga wanda ya haura shekara 40, ko mai aikin ɗaga hannu sama, kamar magina da 'yan dako da mata masu daka.

Mai wannan ciwo yakan ji zafi idan ya ɗaga hannu ta gefe, ko wajen sa riga, kuma ba ya iya kwanciya a kan kafaɗar da dare. Da yake ƙashi lafiyarsa lau, mai ɗori yakan ɗauka targaɗe ne ko sanyin ƙashi. Sai ya gasa da ruwan zafi, ya murza da man kaɗanya, ya ɗaure. Gashin kan rage zafi, amma ɗaurin makonni yana iya sandarar da gaɓar, magini ya rasa abin cin abincinsa.

A asibiti kuwa, kamar na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ya koma Shika a 2005, likita yakan fara da gwada ƙarfin hannun. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, don haka akan nemi hoton sikan ko na MRI. A 1990 Harvard Ellman ya kasa yagewar gida uku bisa zurfinta: ƙasa da milimita 3, daga 3 zuwa 6, sai wadda ta wuce 6.

Ta fuskar magani, akan fara da hutar da hannu daga aikin sama, da maganin zafi, da gashin ƙashi na wata 3 zuwa 6, wani lokaci da allura a kafaɗar. Ba a cika yin tiyata ba sai waɗannan sun gaza, musamman idan yagewar ta haura rabin kaurin jijiyar.

Wannan ya nuna cewa bambancin hanyoyin biyu yana wajen motsi ne: ɗori ɗaure gaɓa yake yi, jijiyar kafaɗa kuwa motsa ta a hankali take bukata.