Kulob Ɗin Rotary: Abin Da Taron Mako-Mako Ke Iya Haifarwa

Duk wanda ya daɗe a Ikko ko Badun ko Fatakwal, da wuya a ce bai taɓa ganin wani tambari mai kama da wili mai haƙora irin na cikin inji ba, an manna shi a jikin famfon burtsatse, ko rumfar jiran mota, ko bangon ajin makaranta. Wannan shi ne tambarin ƙungiyar Rotary. Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Kudu sun sha ruwan irin wannan famfo ba tare da sanin waɗanda suka haƙa shi ba. Waɗansu suna zaton ƙungiyar attajiran Kudu ce kurum, waɗansu kuwa suna ce da ita ƙungiyar asiri.

To, abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kulob ɗin Rotary na farko a Nijeriya a Kano aka kafa shi cikin 1961, sa'an nan na Ikko da na Badun suka biyo baya. Asalin ƙungiyar kuwa daga birnin Shikago ne na ƙasar Amurka. Ran 23 ga watan Fabrairu, 1905, wani lauya mai suna Paul Harris ya tara abokansa uku, watau wani tela, da wani mai sayar da gawayin kwal, da wani injiniyan ma'adinai. Shi Harris a ƙauye ya tashi, da ya zo babban birni sai kewa ta dame shi, ga mutane ko'ina amma ba wanda ya san wani. Suka shirya su riƙa haɗuwa, yau a ofishin wannan, wani karo a ofishin wancan, kuma daga wannan zagayawa ne sunan ƙungiyar ya samo asali. Aikin taimako na farko da suka sa a gaba cikin 1907 shi ne gina makewayin jama'a a birnin.

Taron mako-mako shi ne ginshiƙin kowane kulob. Akan tsai da rana ɗaya da lokaci ɗaya da wuri ɗaya, galibi zauren wani otal, ba a sauyawa sai da babban dalili. Lokaci na cika shugaba zai buga ƙararrawa, ko da manya ba su iso ba. A yi addu'a, a gabatar da baƙi, a ci abinci tare. Akwai wani jami'i mai kula da tsarin zaure, wanda yake cin mutane tara cikin raha: wanda ya makara, da wanda ya manta bajonsa, har da wanda aka yi wa ƙarin girma a wurin aiki. Kuɗin tarar asusun taimako yake shiga. Bayan haka sai kwamitoci su ba da rahoton ayyukansu, wani baƙo ya yi gajeren jawabi a kan sana'arsa, a sāke buga ƙararrawa kowa ya kama gabansa. Sau da yawa taron ba ya wuce awa ɗaya da rabi. Cikin 2016 an sassauta dokar, aka yarda kulob ya riƙa zama aƙalla sau biyu a wata, amma da yawa ba su bar zaman mako-mako ba.

Har wa yau akwai al'adu biyu da suke riƙe da tafiyar. Ta farko, akan nemi mutane masu sana'o'i dabam-dabam, domin likita ya zauna kusa da ɗan kasuwa, malamin makaranta kusa da injiniya. In za a haƙa rijiya, akwai wanda ya san ƙasa, akwai wanda ya san farashin siminti, akwai wanda zai binciki lissafi. Ta biyu, shugaba shekara ɗaya tak yake yi, ran 1 ga watan Yuli ya miƙa wa wani. Mata kuwa sai cikin 1989 aka buɗe musu ƙofa a duk duniya.

Wanda yake ganin duk wannan cin abinci ne kawai, sai ya dubi labarin shan-inna. Cikin 1985 Rotary ta ɗauki alkawarin yaƙi da wannan cuta, cikin 1988 kuma ta haɗa gwiwa da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. A lokacin cutar tana shanye yara wajen 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. Cikin 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano saboda zargin da ya bazu a kan maganin, ba a koma ba sai cikin 2004, cutar ta sāke yaɗuwa har ƙasashen waje. A daidai wannan shekara kuwa shugaban Rotary na duniya baki ɗaya ɗan kulob ɗin Kano ne, watau Jonathan Majiyagbe, lauya Bayarabe wanda ya yi zamansa a Kano, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan muƙami. Da taimakon sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida aka ci gaba da aikin. Daga 2016, lokacin da aka ga cutar a Barno, ba a ƙara samun asalin ƙwayar a Nijeriya ba, kuma ran 25 ga watan Agusta, 2020, aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Amma akwai wani nau'in da yakan ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci, saboda haka kai yara a ɗiga musu magani bai ƙare ba.

Ba a rasa masu sukar ƙungiyar ba. Kuɗin shiga da na shekara da na abinci sun fi ƙarfin talaka, kuma bisa al'ada sai wani ɗan kulob ya gabatar da mutum. Waɗansu malaman Musulunci sun yi gargaɗi a kanta, har fadar Paparoma ma ta taɓa hana limamanta shiga cikin 1951. 'Yan ƙungiyar suna amsawa da cewa tarukansu a fili ake yi, baƙo yana iya halarta, kuma ba su da ruwa da addinin mutum ko jam'iyyarsa. Mai shakka sai ya nemi malamin da ya amince da shi ya tambaya.

Ko da mutum bai shiga Rotary ba, akwai abin ɗauka a tsarinta. Hausawan Sabo a Badun, da na Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Ikko, ba baƙin taimakon juna ba ne. Sun gāji gayya da adashi daga gida, ga Sarkin Hausawa, ga shugabannin 'yan shanu da 'yan goro da 'yan gwari. Sai dai sau da yawa ba a taruwa sai an yi mutuwa, ko gobara, ko an kama wani. Rikicin kasuwar Shasha ta Badun cikin Fabrairun 2021, inda aka rasa rayuka aka ƙone rumfuna, ya nuna tsadar neman sanin maƙwabci bayan wuta ta riga ta tashi.

Mutum ashirin da za su tsai da rana ɗaya a mako, su ajiye littafin kuɗi wanda kowa zai iya dubawa, su riƙa sauya shugaba, su gayyaci maƙwabtansu Yarabawa da Ibo su ci tuwo tare, za su iya gyara magudanar ruwan unguwa, ko su biya wa marayu kuɗin makaranta, ko su tanadi kuɗin kai mai naƙuda asibiti da dare. Bugu da ƙari, Rotary tana da tsarin da kulob yake tsaya wa ƙungiyar unguwa ba tare da mutanenta sun zama 'yan kulob ba, ga kuma Rotaract ta matasa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mutum huɗun Shikago ma ba da asusu suka fara ba, da zuwa wurin juna suka fara.