Zafin Birki Na Cin Roba A Filin Tsere

A Nurburgring ta ƙasar Jamus, hanyar tsere mai kusan kilomita 21, mutum kan biya kuɗi ya shiga da motarsa ya sheƙa gudu. To, sai ya fito yake ganin ɓarna. Faifan birki kan wuce digiri 600, ya yi ja wur kamar ƙarfe a maƙera, har murfin roba na tsakiyar wili ya narke ya faɗi. Wannan hasarar kuɗi ce kurum. Abin tsoro shi ne robar da ke kare fistin ɗin birki daga ƙura. In ta ƙone, datti ya shiga, wata rana birki ya cije. Shi ya sa gwanaye kan sassauta gudu, iska ta sanyaya birki, kafin su tsaya.