Dorothy Dandridge, Tauraruwar da Holiwud Ta Rasa Inda Za Ta Sa

A 1954 aka fitar da fim ɗin Carmen Jones, wanda Otto Preminger ya ba da umarni, 'yan wasansa duka baƙar fata. Dorothy Dandridge ce Carmen, Harry Belafonte kuma saurayinta. Abin da ke sosa mini rai shi ne muryar da ake ji tana rera waƙoƙin ba tata ba ce, ta wata matashiya ce farar fata, Marilyn Horne. An ce kiɗan fim ɗin na Bizet ne, mai tsara kiɗan opera, sai wadda ta koyi opera za ta iya rera shi. To amma Dorothy da waƙa ta buɗe ido. An haife ta a Cleveland a 1922, tun tana 'yar mitsitsiya take yawo coci-coci a kudancin Amurka ita da yayarta Vivian suna waƙa, har suka kai dandalin Cotton Club na New York.

Ko da aron murya, ta cika fim ɗin. Takunta da kallonta suka sa ta zama baƙar fata ta farko da ta shiga takarar Oscar ta babbar jaruma. Grace Kelly ce ta lashe, amma mujallar Life ta riga ta sa hoton Dorothy a bangonta.

Daga nan sai shiru. Holiwud ta saba ba mace baƙa rawar kuyanga, ba ta san yadda za ta yi da wadda ta dace da gimbiya ba. An yi mata tayin fitowa baiwa a The King and I, ta ƙi. Sai bayan shekara uku ta sake fim, Island in the Sun, inda ta so Bature, amma aka yi ta kaffa-kaffa da soyayyar don gudun fushin masu wariyar launin fata. Cin abincinta ya koma gidajen rawa da manyan otal-otal.

A gida ma babu sauƙi. 'Yar da ta haifa a 1943 ta zo da lalurar ƙwaƙwalwa, ita take biyan kuɗin jinyarta. Aurenta na biyu ya tafi da dukiyarta, a 1963 ta tsiyace, dole ta miƙa yarinyar ga asibitin gwamnati.

Ranar 8 ga Satumba, 1965 aka tsinci gawarta a ɗakinta, tana da shekara 42. Sai a 2002 mace baƙa ta karɓi kyautar Oscar ta babbar jaruma, Halle Berry, kuma a jawabinta sunan Dorothy ta fara ambata.