Daga Katsina United zuwa Volendam: Darasin rayuwar Ibrahim Babangida ga matasan Dutsin-Ma da Kurfi

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Katsina ta ratsa Kurfi zuwa Dutsin-Ma bayan sallar La'asar, zai ga ƙura na tashi daga filayen makarantun firamare da na bayan gari. Matasa ne ke buga tamaula, wasu da takalmi, wasu ƙafa tsirara, an kafa duwatsu ko itace biyu a matsayin raga. In ka tsayar da ɗaya ka tambaye shi inda yake fatan ƙwallo ta kai shi, zai ce maka Real Madrid ko Arsenal ko Barcelona, domin su yake gani a gidan kallo duk ƙarshen mako. Da wuya ka sami wanda zai ambaci Volendam. Galibinsu ma ba su taɓa jin sunan ba. Alhali kuwa a wannan ƙungiya ce wani ɗan Arewa, wanda ya taɓa sanya rigar Katsina United, ya shafe shekarun ƙarfinsa. Ina ganin labarinsa ya fi na manyan taurari amfani ga yaranmu, saboda irin rayuwarsa ce ke jiran mafi yawan waɗanda suka yi sa'a, balle waɗanda ba su yi ba.

Sunansa Ibrahim Babangida, amma ba Janar na Minna ake nufi ba. Wannan ɗan Kaduna ne, ƙanen Tijjani Babangida kuma yayan Haruna Babangida, 'yan gida ɗaya su uku da duk suka buga ƙwallo a Turai. Yana cikin tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da ta ci kofin duniya a Japan a 1993, bayan ta doke Ghana da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe. Abokan wasansa a wannan tawaga sun haɗa da Nwankwo Kanu da Celestine Babayaro da Wilson Oruma. A gida ya buga wa Stationery Stores ta Legas, ya kuma buga wa Katsina United, ƙungiyar da a tsakiyar shekarun 1990 take tashe, har ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na ƙasa sau uku a jere, a 1995 da 1996 da 1997, ko da yake ba ta ɗauki kofin ba ko sau ɗaya.

A 1997 ya ƙetara zuwa Holan, ya shiga FC Volendam. Volendam ƙaramin garin masunta ne a arewa da Amsterdam, filin wasansa kuma bai kai rabin na Muhammadu Dikko da ke Katsina ɗaukar 'yan kallo ba. Shekara guda da zuwansa, a 1998, ƙungiyar ta faɗo daga babbar gasar ƙasar zuwa rukuni na biyu, wato abin da masu sharhin wasanni a rediyo ke kira gasar 'yan dagaji. A can Ibrahim ya ci gaba da bugawa har zuwa 2002.

A daidai wannan lokaci yayansa Tijjani yana Ajax, da lambar zinare ta gasar Olamfik ta 1996 a wuyansa. Shi ne ya ci ƙwallaye biyun da Najeriya ta fitar da Afirka ta Kudu da su a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a 2000. Kanu kuwa ya ɗaga kofin zakarun Turai da Ajax a 1995, daga baya ya koma Arsenal. Ga mutum ya fito gida ɗaya da wannan, ya ci kofin duniya tare da wancan, amma rabonsa ya tsaya a ƙaramin fili a bakin ruwa. Wannan ba gazawa ba ce. Shekara biyar da kwantiragi a Turai nasara ce da dubban 'yan wasa suka nema ba su samu ba. Abin lura dai shi ne, ko zakaran duniya ma yana iya ƙare wasansa ba tare da ya tara abin da zai ci har tsufa ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Yadda rayuwa take a rukuni na biyu

A Holan an fara ƙwallon sana'a a 1954. Babbar gasa, Eredivisie, tana da ƙungiyoyi 18. Ta ƙasa da ita, Eerste Divisie, tana da 20, a cikinsu har da ƙungiyoyin matasa na Ajax da PSV da AZ da Utrecht. Yawancin wasannin wannan rukuni a daren Juma'a ake yin su, cikin sanyi da ruwan sama, a gaban 'yan kallo dubu kaɗan. Da yawan 'yan wasan albashinsu bai wuce na ƙaramin ma'aikaci ba, wasu ma kuɗin zirga-zirga kawai ake ba su. Kwantiragi na shekara ɗaya ne ko biyu. Duk ƙarshen kaka akwai waɗanda za a ce musu an gode, su kama gabansu.

Ɗan wasan tsakiya shi ya fi kowa sanin ɗacin wannan rayuwa. Mai cin ƙwallo ana ƙirga masa ƙwallayensa, mai tsaron raga ana tuna masa bugun fenaretin da ya tare. Shi kuwa lamba shida ko lamba takwas aikinsa ƙwace ƙwallo, toshe giɓi, da miƙa wa wanda zai ci a tafa masa. Shi ne jakin gida, da shi ake kai taki gona, amma ranar Sallah doki ake yi wa ado. Idan gwiwa ta fara ciwo yana ɗan shekara 30, akwai yaro ɗan shekara 19 da ke jiran gurbinsa a kan rabin kuɗinsa.

To, mene ne bambancin ɗan wasan rukuni na biyu a Holan da takwaransa na Najeriya? Ba baiwa ba ce, domin ƙafar yaron Kurfi ba ta gaza ta yaron Volendam ba. Bambancin shi ne su sun yi tanadin ranar da za a daina. Tun 1961 'yan wasan ƙasar suka kafa ƙungiyar ƙwadagonsu, VVCS, wadda ke duba musu kwantiragi, ta tsaya musu idan aka yi rikici, ta shirya musu kwasa-kwasan karatu. A lokacin hutun kaka tana haɗa waɗanda suka rasa ƙungiya a sansani guda, su riƙa atisaye da wasannin sada zumunta har wani ya gani ya ɗauka. A 1972 kuma aka kafa wani asusu mai suna CFK. Duk ɗan wasan da ke da kwantiragi ana cire wani kaso na albashinsa a zuba masa a ciki, ba ya taɓawa sai ya bar wasa, sannan a riƙa biyan sa wata-wata yayin da yake koyon wata sana'a. Ba a banza ba ne hedikwatar ƙungiyar 'yan wasan ƙwallo ta duniya, FIFPRO, take a wannan ƙasa.

Mu kuma fa?

A Najeriya ma muna da matakai: Firimiya a sama, sai gasar NNL, sai NLO a ƙasa, sannan gasannin jiha. Katsina United kanta ta san hawa da sauka kamar Volendam. Ta faɗo a 2022, ta sake hawa a 2023. Amma yawancin ƙungiyoyin ƙasar nan na gwamnatocin jihohi ne, rayuwarsu ta dogara ga sha'awar wanda ke kan kujera. Labarin bashin albashi da na kuɗin sa hannu ba baƙo ba ne ga duk mai bin wasannin gida. A ƙananan matakai kuwa, inda yaran Dutsin-Ma da Kurfi za su fara, sau da yawa babu takarda ko ɗaya. Magana ce ta baki tsakanin yaro da mai ƙungiya. Ranar da ya karye, a kai shi wurin mai ɗori, abokai su yi karo-karo, daga nan labarinsa ya ƙare. Ga shi ya bar makaranta tun yana aji uku na sakandare, bai koyi ɗinki ba, bai koyi walda ba, gona ma ya manta hanyarta.

Wannan rami ne 'yan damfara ke shiga. Wani zai zo da hotunan filin wasa a wayarsa ya ce yana da hanyar gwaji a Turai, a kawo kuɗin biza da na jirgi. Uba ya sayar da bijimin huɗa ko ya jinginar da gona. Ya kamata iyaye su san abubuwa biyu. Na ɗaya, dokar FIFA ta hana a ɗauki yaro ɗan ƙasa da shekara 18 daga wata ƙasa zuwa wata, sai bisa wasu 'yan dalilai ƙayyadaddu da ba su cika shafar yaranmu ba. Na biyu, a Holan doka ta wajabta wa duk ƙungiyar da za ta ɗauki ɗan wasa daga wajen Tarayyar Turai ta biya shi albashi mai tsoka, wanda ake aunawa da matsakaicin albashin babbar gasa. Ƙananan ƙungiyoyi ba su cika iya ɗaukar wannan nauyi ba. Saboda haka duk wanda ya ce zai kai ɗanka ɗan shekara 16 wata ƙaramar ƙungiya a Holan in ka ba shi kuɗi, ka riƙe kuɗinka. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke biya, ba a biyan ta.

Waɗanda suka tafi ta ƙofa ma sai da aka gan su a gida tukuna. Tijjani daga Niger Tornadoes ya tafi Roda JC a 1991, aka ba da aron sa ga VVV-Venlo, ya ɗanɗana rukuni na biyu, ya taimaka mata ta lashe gasar a 1993 kafin Ajax ta neme shi a 1996. Ahmed Musa sai da ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya da Kano Pillars, sannan VVV-Venlo ɗin ta ɗauke shi a 2010. Hanyar Turai ta cikin gida ta bi.

Abin da ke hannunmu

Ba sai mun jira Abuja ba. Na farko, masu ƙungiyoyin unguwa su yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, su kuma yi wa kowane yaro rajista da sunansa da shekarunsa na gaskiya. A tsarin FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ba ta cikin rajista ba ta da hujjar neman ko kwabo, ko da ita ta koya masa ɗaure takalmi.

Na biyu, a rubuta yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ne da Hausa, a gaban uba ko waliyyi da mai unguwa: nawa za a ba yaro, wa zai biya magani in ya ji rauni, yaushe yake da 'yancin tafiya. Addininmu ma ya hore mu da rubuta abin da ke tsakaninmu na bashi.

Na uku, kada ƙwallo ta raba yaro da karatu. Dutsin-Ma na da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Matashin da ke atisaye da yamma yana iya zama a aji da safe. Koci ya sa sharaɗi cewa wanda ba ya makaranta ko wurin koyon sana'a ba zai sa rigar ƙungiya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na huɗu, abin da Turawan Holan suka kira CFK, iyayenmu mata sun daɗe da sanin irinsa, suna ce masa adashe. 'Yan wasan ƙungiya ɗaya za su iya ware wani abu daga kowane alawus a zuba a asusun banki mai sa hannun mutum uku, don jinyar wanda ya ji rauni da jarin wanda zai bari. Shugabannin ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, da 'yan siyasar da ke sa kofi duk lokacin da zaɓe ya gabato, in sun zuba rabin kuɗin bikin rufe gasa a irin wannan asusu, da an fi tuna su da alheri.

Wani zai ce, a yankin da matsalar tsaro ta hana manoma da yawa sakewa a gonakinsu, wa ke da lokacin zancen ƙwallo? Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Sai dai matashin da ya zuba shekara goma a fili ya fito ba karatu, ba sana'a, ba gwiwa, shi ne wanda ya fi sauƙin faɗawa hannun dillalin ƙwaya ko ɗan siyasar da ke neman 'yan banga. Kula da makomarsa wani yanki ne na kula da zaman lafiyar gari.

Ibrahim Babangida ya rasu ranar 9 ga Mayu, 2024, a hatsarin mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya, yana da shekara 47. Yayansa Tijjani, wanda ya jagoranci ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan ƙwallon ƙafa ta Najeriya, yana cikin motar, Allah Ya yi da sauran kwanansa. Matasan da ke cika gidajen kallo a Dutsin-Ma da Kurfi da yawansu ba a haife su ba lokacin da Ibrahim ke sa rigar Katsina United. Ya kamata kociyoyinsu su ba su labarinsa, su gaya musu cewa zakaran duniya ne, kuma a rukuni na biyu ya yi yawancin wasansa na Turai, sannan su tambayi kowane yaro abin da ya tanada wa ranar da ƙafa za ta gaji.

Allah Ya jiƙan Ibrahim, Ya gafarta masa, Ya kuma shirya mana zuriyarmu.