Latitud da longitud: lambobi biyu da ke kai mutum gona a fadamar Zauro

A fadamar Zauro, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, gonar shinkafa ba ta da lambar gida, balle sunan titi. Idan injin ban-ruwa ya lalace, sai an sha kwatance kafin makanike ya iso, shuka kuwa tana jiran ruwa. Alhali wayar da ke aljihun manomin tana riƙe da adireshin wurin: lambobi biyu kacal.

Ta farko ita ce latitud, wato nisan wuri arewa ko kudu da Ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu a taswira. Birnin Kebbi na kan digiri 12.45 arewa, Argungu kuma wajen 12.74. Digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne.

Ta biyu, longitud, tana auna gabas ko yamma daga layin Greenwich da ke Landan, wanda aka amince da shi a taron Washington na 1884. Layin ya ratsa ta Tema a Ghana. Birnin Kebbi na digiri 4.20 gabas da shi.

Duk mai azumi ya san aikin longitud, ko bai san sunanta ba. Duniya na juya digiri 360 cikin awa 24, kenan minti 4 a kowane digiri. Kano na wajen digiri 8.5 gabas, shi ya sa Kanawa ke riga mutanen Zauro shan ruwa da kusan minti 17, duk da agogonsu ɗaya. Manhajar lokutan salla da aka saita a kan Kano za ta kira magariba rana ba ta faɗi a Kebbi ba.

Don ganin lambobin, a buɗe Google Maps, a danna wurin a riƙe. Za su fito, sai a kwafa a tura ta WhatsApp. Wayar na lissafo su ne daga saƙon taurarin ɗan'adam na GPS aƙalla huɗu, wanda ba ya cin data.

A kula, latitud ce ke fara zuwa. Wanda ya juya lambobin Birnin Kebbi, ya rubuta 4.20 kafin 12.45, taswira za ta kai shi Kamaru. Kada kuma a datse lambobin bayan ɗigo: 12.4 maimakon 12.45 kuskuren fiye da kilomita 5 ne.