Gwanda Da Abarba A Kan Ƙuna: Abin Da Likitoci Suka Gani

Daga Wakilinmu Na Arewa

Wanda duk ya zauna Agege ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan ya san cewa da yawa daga cikin sana'o'in 'yan'uwanmu a Kurmi da wuta ake yin su. Mai shayi yana kan tafasasshen ruwa, mai tsire yana bakin garwashi, mai ƙosai kuwa ga mai yana tsalle a kasko. Saboda haka ƙuna ba baƙuwa ba ce, kuma da ta auku sai kowa ya zama likita: wani ya ce manja, wani ya ce gishiri, wani man goge haƙori. To, cikin wannan taron magunguna akwai ɗaya da likitoci da kansu suka gwada, wato gwanda.

Mata sun daɗe da sanin cewa in nama ya yi tauri, a naɗe shi a ganyen gwanda sai ya yi laushi. Farin ruwan nan mai kama da nono da ke fita in an yanki ɗanyar gwanda, a cikinsa akwai wani sinadari da ake kira fafayin, shi ke narkar da nama. Aikin da yake yi wa tsoka a madafa, shi yake yi wa mataccen nama da ruɓa da ke rufe miki su hana shi warkewa.

A shekarar 1999 likitocin asibitin Royal Victoria na Banjul, babban birnin Gambiya, suka buga rahoto cewa a ɗakin yara sukan dama gwanda su shimfiɗa a kan ƙunar da ta yi zurfi ko ta ruɓe, a sake sabuwa kullum. Sun ce takan cinye mataccen nama har mikin ya yi tsabta a iya dasa masa fata. Ga ta kuma da araha, abin da ba ƙarami ba ne ga asibitin talakawa.

Abarba ma ba a bar ta a baya ba. Daga karanta aka tace wani magani mai suna NexoBrid, wanda hukumar magunguna ta Turai ta amince da shi a 2012, ta Amurka kuwa a 2022. Akan shafa shi awa 4 a kan ƙuna mai tsanani, sa'an nan a kankare, maimakon a sa wuƙa. Amma fa yana da zafi ƙwarai, sai an ba majinyaci maganin kashe ciwo, kuma a asibiti kaɗai ake yin sa.

Nan ne nake jan kunnen jama'a. Gwandar Banjul a hannun ma'aikatan jinya take, masu wanke miki suna duba shi kullum. A 2008 ma hukumar Amurka ta hana sayar da man shafawa mai fafayin wanda ba ta amince da shi ba, domin jikin waɗansu yakan ƙi shi har numfashi ya sarƙe.

In ƙuna ta auku a rumfa, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har minti 20. A cire zobe da agogo kafin kumburi, kada a fasa bororo, a rufe da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko tana fuska ko hannu, ko kuwa yaro ne, to a wuce asibiti da shi nan take.